Wa Ya Ba Ka Fuskarta?

 

 Na daɗe ina jujjuya wannan magana a zuciyata, ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don tsoron kada a ce ga wani nan ya zo hana alheri. To amma abin da ya faru a layinmu, nan Kwaciri, ya kai ni ga ganin cewa shirun nawa ya fara zama haɗin baki.

A azumin 2024, wanda duk mai iyali a Kano ba zai manta da shi ba domin shi ne azumin farko bayan cire tallafin man fetur, wasu samari da 'yan mata suka shigo unguwarmu rabon kayan abinci. Sun kai su goma, sanye da riguna iri ɗaya masu ɗauke da sunan gidauniyarsu. Ba zan ambaci sunan ba, domin ba su kaɗai ke yi ba, kuma ba na shakkar cewa da yawansu lada suka fito nema. Cikin gidajen da aka nuna musu akwai na wata baiwar Allah wadda mijinta ɗan dako ne a kasuwar Sabon Gari, ya rasu ya bar ta da yara biyar. Shekara uku tana riƙe da su da awarar da take soyawa da ɗan wankau, ba wanda ya taɓa ganin ta a ƙofar wani da ƙoƙon bara. Kayan da suka kawo mata kwano biyu ne na shinkafa, da 'yar taliya, da ƙaramar jarkar mai. Miƙa wannan ba ya cin minti ɗaya. Sun ci kusan rabin sa'a, ina zaune a kan dakali ina kallo.

"Mama, ɗan fito ƙofar gida, zauren ba haske."

"Mama, ɗan ja mayafin baya kaɗan."

"Ina yaran? A kira su su tsaya a bayanki."

Sau uku ana miƙa mata ledar ana karɓewa, na farko mai ɗauka bai danna ba, na biyu wani mai babur ya gitta. Daga nan sai wata yarinya daga cikinsu ta durƙusa a gabanta ta ce, "Mama, ki gaya wa duniya, yaushe rabonku da ɗora tukunya?" Matar ta sunkuyar da kai. Aka maimaita tambayar. Sai hawaye ya zubo mata. Da kunnena na ji mai riƙe da wayar ya ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Yauwa, wannan ya yi."

Kafin sahur bidiyon ya shiga wayar kowa a unguwa, an ɗora masa wani sauti mai karya zuciya, an rubuta lambar asusun banki a ƙasa. Asusun na gidauniyar ne, ba nata ba. A Islamiyya yara suka laƙaba wa babbar 'yarta, yarinya 'yar shekara 14, sunan "'yar bidiyo", sai da ta yi mako biyu ba ta leƙa makaranta ba. Dangin marigayin, waɗanda ko kwanon gero ba su taɓa aikowa ba, suka zo suna kumfar baki wai ta tona musu asiri. Da mai ɗakina ta shiga duba ta, abin da ta ce mata shi ne, "Da na san haka ne, wallahi da mun sha ruwa mun kwanta."

Ga abin da nake son faɗa, ya kai mai karatu, kuma ba zan yi masa kwana-kwana ba. Kyamarar da ke hannunmu a garin nan ƙasa take kallo. Kullum tana kan wanda ba shi da ikon cewa a'a: almajiri, gwauruwa, mai taɓin hankali, maras lafiyar da ke kwance a barandar asibiti, gawar da mota ta bige a titin Katsina. Mun sa wa wannan aiki sunaye masu daɗi, wayar da kai, isar da koken talaka, ba da labarin al'umma. Amma idan ka bi diddigin inda amfanin ya sauka, sai ka tarar mai wayar ya samu mabiya, gidauniya ta samu abin nuna wa masu ba ta kuɗi, masu kallo sun samu kukan minti biyu sun ji zuciyarsu ta yi laushi, ita kuwa mai fuskar ta samu kwano biyu na shinkafa a madadin abu ɗaya tak da ta mallaka, wato rufin asirinta. Ungulu, in ji Bahaushe, ba ta jewar banza.

Bahaushe bai ɗauki rufin asiri da wasa ba. Ka tambayi dattijo me yake roƙo a wurin Allah, da wuya ya ce maka dukiya, zai ce rufin asiri. Ma'anarsa a ci a sha, ko da ba a ƙoshi ba, ba tare da maƙwabci ya san yadda aka kwana ba. Shi ya sa uwa ke ɗora tukunyar ruwa a murhu don hayaƙi ya tashi. Shi ya sa magidanci ke wanke rigarsa ɗaya tilo da dare ya goge ta da asuba. Wannan ba ƙarya ba ce, ba kuma girman kai ba ne. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 273 cikin Suratul Baƙara, ya yabi irin waɗannan mutane da wanda bai sani ba ke zaton mawadata ne saboda kamewarsu, ya kuma nuna cewa su ne suka fi cancantar a nema a ba su. A nema a ba su aka ce, ba a nema a nuna su ba. A cikin surar dai, aya ta 264 ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kuma haɗa mai yin haka da mai ciyarwa don mutane su gani. Ni dai ban san wani gori da ya kai wanda ake iya sake kunnawa ba. Gorin baki sau ɗaya ake yin sa a gaban mutum biyar, iska ta tafi da shi. Gorin bidiyo yana nan, duk ranar da wani ya ga dama ya danna, matar ta sake yin kuka a gaban baƙi.

Abin mamaki, mu ɗin nan mun ƙware a muhawarar hoto. Tun zamanin da muke biyan kuɗin sa'a a shagon intanet ake tafka gardama a kan ko hoton kyamara yana cikin hoton da aka hana, wannan ya kawo fatawar wancan malami, wancan ya kawo ta wani. Ba na raina wannan bahasi, yana da masu shi. Sai dai ban cika jin wanda ya tsaya ya tambayi hukuncin abin da hoton ke aikatawa ga wanda aka ɗauka ba, alhali a nan nassin bai da wani ruɗani. An hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. An hana shiga gidan wani ba da izini ba a Suratun Nur. An yi wa mai suturta Musulmi alkawarin sutura ranar da kowa ke buƙatarta. Cikin mutum bakwai da za su samu inuwa a ranar ƙiyama har da wanda ya ɓoye sadakarsa, ya ɓoye ta ko ga ɗaya hannun nasa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa jikan Sayyidina Aliyu, wato Aliyu ɗan Husaini da ake wa laƙabi da Zainul Abidin, ya kasance yana saɓa buhun abinci da dare yana ajiyewa a ƙofofin matalautan Madina, ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abincin ya yanke, masu wankan gawa kuma suka ga tabon dako a bayansa. Ka kwatanta wannan da mai cewa a sake miƙawa, ban danna ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin an riga an ba ni ita. Za a ce ai ta yarda, ba wanda ya tilasta mata.

Wace irin yarda? Mutum na tsaye da ledar shinkafa a hannun dama, waya a hannun hagu, yaranka biyar na bayanka suna kallon ledar, sannan ya ce ko ka amince a ɗauka? Mu mutanen Fagge bai kamata a koya mana ma'anar yardar wanda ke cikin matsi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, a Asibitin Zana da ke nan kusa da mu, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya dage cewa an yi wa iyaye bayani sun kuma amince da baki, iyayen suka ce ba su san gwaji ake yi ba, su dai sun kawo 'ya'yansu ne a ceto su. Shari'a ta yi ta ja har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ba ina daidaita ɗaukar bidiyo da gwajin magani ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne uwar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta za ta gyaɗa kai ga duk abin da mai farar riga ya faɗa, haka ma uwar da yaranta suka kwana da yunwa. Gyaɗa kan da ba a iya ƙin yin sa ba izini ba ne. Kuma ko da ta yarda da gaske, me ta yarda da shi? Matar da wayarta ba ta wuce ta kira da amsawa ba, ta yaya za ta san cewa abin da aka ɗauka a ƙofar gidanta zai kai Legas da Jidda kafin gari ya waye, kuma ba zai goge ba har 'yarta ta isa aure?

Za a kuma ce, in ba a nuna ba, ba a bayarwa. Wannan hujja ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban gan ta ba. Ni kaina na san mutanen da aka biya wa kuɗin tiyata saboda wani ya sa labarinsu a Facebook. Kuma addini bai hana bayyana sadaka ba, aya ta 271 a Baƙara ta yabi bayyanawar, duk da ta fifita ɓoyewa. Haka nan Imamu Muslim ya ruwaito labarin wasu mutanen ƙabilar Mudar da suka iso Madina ba takalmi, cikin tsummokara, har fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta sauya saboda halin da ya gan su a ciki, ya tara jama'a ya yi huɗuba, aka yi ta kawo tufafi da abinci har suka taru tsibi biyu. To amma ka lura da kyau. Mutanen nan da ƙafarsu suka zo. Ba a ware mace ɗaya an tsayar da ita a gaban masallaci an ce ta faɗi yaushe rabonta da abinci ba. Kuma abin da aka tara su aka ba, ba a riƙe shi don gudanar da ofis ba. Abin da aka halatta bayyanawa shi ne kyautar mai bayarwa don wasu su yi koyi, ba ƙasƙancin mai karɓa ba.

Idan kuwa gaskiya ne cewa ba ma iya ciro naira dubu daga aljihu sai mun ga hawayen gwauruwa, to wannan ciwo ne a jikinmu da ya kamata a yi wa magani, ba kasuwa ba ce da za a riƙa kai wa kaya. Domin ido yana sabawa. Wanda ya bayar jiya don ya ga hawaye, gobe sai ya ga ciwo a buɗe, jibi sai ya ga gawa. Mai ɗauka kuma ya san haka, shi ya sa yake maimaita tambaya har sai an yi kuka.

Mun ma riga mun isa wurin gawar. Ranar 17 ga Mayun 2022, da aka samu fashewa a titin Aba da ke Sabon Gari, kusa da wata makarantar yara, mutum tara suka rasu. Kafin azahar wayata ta cika da bidiyon yara cikin kayan makaranta jina-jina, da na sassan jikin mutane a ƙasa. A kowane bidiyo, idan ka duba gefe, za ka ga wasu hannuwan a sama riƙe da wayoyi. Akwai iyayen da a waya suka fara ganin abin kafin kowa ya zo musu da magana mai taushi. Na tuna a ranar da ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu a Suratul Ma'ida, inda Allah ya aiko hankaka yana tona ƙasa don ya koya wa wanda ya yi kisan farko a duniya yadda zai rufe gawar ɗan uwansa. Darasin farko da ɗan Adam ya koya game da gawa shi ne a rufe ta, kuma mai kisan kansa ya ji kunyar a ce tsuntsu ya fi shi sanin haka.

Tunda an zo maganar tsuntsu, akwai wani hoto da kusan kowa ya taɓa gani, na wani ɗan yaro da yunwa ta durƙusar a ƙasa, ungulu na tsaye a bayansa. Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauke shi a garin Ayod na kudancin Sudan a 1993, jaridar New York Times ta buga shi a watan Maris na shekarar, ya ci babbar kyautar Pulitzer a 1994, bayan 'yan watanni kuma ya kashe kansa. An yi ta zaginsa a kan me ya sa bai ɗauki yaron ba, ni ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne shekara 18 duniya na kallon hoton nan, ana tara kuɗi da shi, ana koyar da shi a jami'o'i, kowa na cewa yarinya ce. Sai a 2011 wata jaridar Sifaniya, El Mundo, ta je ta nemo mahaifin, aka gano namiji ne, sunansa Kong Nyong, ya tsira daga yunwar, ya girma, ya rasu a 2007. Wanda ya fi kowa shahara a cikin mayunwatan duniya, ba a san ko mace ne ko namiji ba. Haka irin wannan hoto yake yi, yana ɗaukar mutum mai suna da uba da dangi ya mayar da shi alamar yunwa.

Laifi tudu ne. Kafin in hango na yaran gidauniya, bari in sauka daga kan nawa. Wani hunturu, shekaru fiye da goma da suka wuce, na fito sallar asuba na ga wani almajiri ya dunƙule a bakin wani shago wajen Kurna, ya cusa ƙafafunsa cikin rigarsa, robarsa a ƙarƙashin kai. Na ciro waya na ɗauka. Na sa a Facebook da wasu kalmomi masu zafi a kan iyaye da gwamnati, aka yi ta yaba mini, har wani ya ce Allah ya ƙaro irina. Ban tashe shi ba. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, ban koma da bargo ba. Bayan shekaru na ci karo da hoton a shafin wata ƙungiya da ban taɓa jin sunanta ba, an ce wai a wata jiha aka ɗauka, ga lambar asusu a ƙasa. Yaron nan yanzu ya isa aure, wataƙila yana da shago, wataƙila ya haddace Alƙur'ani yana koyar da wasu. Amma a intanet yana nan kwance a bakin shago har abada, kuma ni na kwantar da shi.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba ina cewa a ajiye kyamara ba ne. Shaida wajibi ce, Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayuwa da adalci da ba da shaida ko da a kan kawunanmu ne, ta kuma ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya. Ba don 'yan jaridar Washington Post da suka tono zancen Trovan a ƙarshen shekarar 2000 ba, da wataƙila maganar ta mutu a Asibitin Zana. Ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kai hare-haren da suka ci rayuka sama da 180 a garin nan, Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels, ɗan asalin jihar Binuwai, ya fita ɗauko wa duniya abin da ke faruwa da mu, aka harbe shi a bakin aiki. Wannan shaida ce da aka biya da rai. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya fitar da fim ɗin Sweet Sweet Codeine, inda aka ɓoye kyamara aka ɗauki masu fitar da maganin tari mai kodin daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, washegari gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi. Iyaye a Kano sun yi shekaru suna kuka a kan wannan kwalba ba a ji ba. Ko da yake a fim ɗin ma, da aka nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, na tambayi kaina ko wanda ke cikin wannan hali yana da hankalin da zai ba da izini. Amma ƙarfin fim ɗin ba daga sarƙar ya zo ba, daga fuskar mai sayarwa ya zo. Kyamarar ta ɗaga kai ta kalli sama.

Kallon saman nan kuwa shi ne ba ma so, domin yana da tsada. A Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta saki bidiyon da ta ce gwamnan Kano na lokacin ne ke karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, ni kuma ba alƙali ba ne. Abin da na sani shi ne mawallafin jaridar, Jaafar Jaafar, ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021 yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan a TikTok. To ka gani. Ka taɓa mutuncin mai mulki, bulala ko gudun hijira. Ka tuɓe mutuncin gwauruwa a gaban duniya, sai ruwan addu'a, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Muna da hukumar tace finafinai tun 2001, muna da dokar kare yara ta jiha da dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa, duka biyun na 2023, amma ban taɓa jin an kira wani ya amsa tambaya a kan fuskar almajirin da ya yi talla da ita ba. Wanzami dai ba ya son jarfa: cikin masu rigunan nan goma, wa zai yarda a shiga gidansu a ɗauki mahaifiyarsa ranar da aka yi musu yankan wuta saboda bashi?

Akwai wata hanyar, kuma a garin nan aka gwada ta. A 2011 wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner, tare da tallafin cibiyar Goethe da ke Kano a lokacin, ta yi abin da mu 'yan gari ba mu yi tunaninsa ba. Maimakon ta ɗauki almajirai, sai aka miƙa musu kyamarar. Almajirai tara daga makarantun allo uku, na birni da na ƙauye, aka koya musu aikin, su suka tsara labarin, su suka ba da umarni, su suka ɗauka, su suka fito a ciki. Sunan fim ɗin Duniya Juyi Juyi, ya kuma haura sa'a guda. Ku neme shi ku kalla. Akwai yunwa a ciki, akwai neman wurin kwana, amma abin da yaran suka fi dagewa a kai ba shi ne abin da mu muke ɗauka ba. Sun nuna matar gida da ke ba almajiri abincin da ya lalace, da mai gidan da ke sa shi aiki kamar bawa alhali nasa 'ya'yan na makarantar boko, da yadda ake zarginsa da sata duk ranar da abu ya ɓace. Wato da aka ba su dama, ba tsummansu suka nuna ba, halinmu suka nuna. Wataƙila shi ya sa fim ɗin bai zagaya wayoyinmu kamar bidiyon kuka ba. Na yarda cewa su ma sun rufe wasu abubuwan, sun kare martabar iyayensu da malamansu fiye da yadda ɗan jarida zai yi. To sai me? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ke da ikon zaɓar wanda zai nuna wa baƙo.

Haka ita ma Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta fara aikin hotunan Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai gawa da sansanin gudun hijira. Ta ɗauki fuskoki, ƙwarai kuwa, amma fuskokin 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar salla, mutane a tsaye suna kallon kyamara ido cikin ido, da maganarsu a ƙasan hoton. Ashe matsalar ba fuska ba ce. Matsalar ita ce wa ya zaɓi lokacin, wa ya zaɓi yanayin, wa kuma zai ci amfanin.

Kai da ke da waya mai kyau da zuciya mai zafi, Kwaciri kaɗai ta ishe ka aikin shekara. Ɗauki kwatar da ta toshe take shiga gidaje duk damina, ka bi takarda ka gano ko an taɓa ware mata kuɗi. Ɗauki ajin da yara ke zaune a ƙasa, daga baya, ba sai an ga fuskokinsu ba, sannan ka je ofishin da ke da alhakin kujerun ka kunna kyamarar a can. Ɗauki famfon da ya shekara bai kawo ruwa ba da farashin jarkar 'yan garuwa. Idan maras lafiya kake nema wa taimako, takardar asibiti da shaidar limamin unguwa sun isa ga mai niyyar bayarwa, kuma asusun ya zama nasa. Idan dole sai mutum ya yi magana, ka fara ba shi abin da ka kawo, ka tafi, ka dawo wata rana hannu wofi ka tambaye shi, ka gaya masa ƙarara cewa surukansa da abokan 'ya'yansa za su gani, ka nuna masa abin da ka ɗauka kafin kowa. Idan ya ce a'a bayan shinkafar ta riga ta shiga tukunya, ka san da ma can a'a ce.

Bayan salla na nemi shugaban matasan nan na same shi. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Na gaya masa abin da ya biyo bayan bidiyonsu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Baba ba mu yi da wata manufa ba. Masu ba mu kuɗin ne ke cewa sai sun ga shaida." Na ce to a nuna musu rasiɗin shinkafar mana. Ya ce rasiɗi ba ya taɓa zuciya. A gabana ya goge bidiyon daga shafinsu, na kuma gode masa. A daren ranar na gan shi a wasu shafuka uku da ba nasu ba.

Da azumin 2025 ya zo, wata ƙungiyar ta shigo layin, ita ma da rigunanta da wayoyinta. Baiwar Allahn nan tana jin hayaniyarsu ta sa sakata, ta turo ƙaramin ɗanta ya ce ba ta nan. Suka ɗan jira, suka wuce gida na gaba. Dab da magariba mai ɗakina ta shiga kai mata kunu, ta tarar murhun a sanyaye, yaran na zaune a tabarma da kofin ruwa a gabansu suna jiran kiran salla.